Mun zauna mun duba takardun 'yan aji huɗu, abin da muka gani ya dame ni

Malamin Jami'a:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da yake cina tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai malamai akwai ɗalibai akwai iyaye. Sashenmu yana shirin karɓar masu tantance kwasa-kwasai daga NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, sai shugaban sashe ya ce kafin baƙi su zo su faɗa mana aibinmu gara mu duba kanmu da kanmu. Aka kwaso mana takardun jarrabawa na 'yan shekarun nan, da furojet ɗin 'yan aji huɗu, wato binciken kammala digiri, da rahoton ekstana, wato malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a ya duba tambayoyinmu da yadda muka ba da maki. Ba jimillar maki muka kalla ba, tambaya ɗaya-ɗaya muka bi. Duk inda aka ce lissafo abu biyar ko kawo ma'anar kaza, yara sun cinye makin tas, wani ma har waƙafin da ke cikin handawut sai ka gan shi a inda yake. Amma da zarar an ce tattauna, ko kwatanta wannan da wancan, ko ga matsala a garinku yaya za ka yi amfani da abin da aka koya maka, sai takarda ta mutu. Wasu su bar wurin fari fat, wasu su sake juye ma'anar da suka haddace ko da ba ita aka tambaya ba. A furojet kuwa babi na biyu, na bitar ayyukan da suka gabata, yanko ne daga nan a liƙa can, babi na huɗu tebur ne cike da alƙaluma amma mai furojet ɗin bai san abin da suke faɗa ba. Wallahi ban kawo wannan don in ci mutuncin ɗalibai ba, 'ya'yanmu ne, tambayata ita ce a ina muka sake su har suka kai aji huɗu a haka.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam Malam. Ai yaran yanzu ne ba sa karatu, waya ta cinye su. Ɗana in ya dawo hutu daga asuba har dare yana kan TikTok, ban taɓa ganin littafi a hannunsa ba sai ana saura kwana uku jarrabawa.

Ɗalibar Aji Huɗu:
Slm. Baba da girmanka amma ba waya kaɗai ba ce. Malam Allah ya gafarta, ni ina cikin waɗanda kake magana a kansu kuma ba zan musa ba, gaskiya ka faɗa. Amma ina so in tambaya, tun da na shiga jami'a yau shekara ta biyar kenan saboda yajin aikin 2022 ya cinye mana wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ba a taɓa dawo min da takardar tes ko asaimen ɗina an ja min jan biro an ce nan kin yi daidai nan kin kauce ba. Ko sau ɗaya. Maki kawai muke gani a allo, 18 cikin 30, ban san me ya ba ni 18 ɗin ba ban san me ya hana ni 12 ba. To ta ina zan gyara? Rana ta farko da wani ya karanta rubutuna ya yi min magana a kai ita ce ranar da na kai wa sufabaiza babi na ɗaya, ya kalle ni ya ce ke ta ina kika biyo. Na fito na samu waje na yi kuka na ƙoshi.

Malamin Jami'a:
'Yata wannan maganar taki ta fi duk abin da muka rubuta a rahotonmu nauyi. Kuma gaskiya ce. Ni kaina akwai kwas ɗin 'yan aji ɗaya da nake ɗauka wanda ɗaliban sun haura ɗari huɗu, in na ba da rubutun shafi biyu shafi ɗari takwas kenan a gabana, ga wasu kwasa-kwasai uku, ga furojet, ga tattara sakamako. Sai mutum ya gudu ya koma tambayar canki-canka ko cike gurbi don ya samu ya gama makin a kan lokaci. Ban ce uzuri ba ne, amma haka abin yake.

Malamin Sakandare:
Dakta ku yi haƙuri amma kayan da kuke kuka da shi a haka muka miƙo muku shi, mu ma a haka aka miƙo mana. Yaro ya zo JSS 1 bai iya karanta jimla ɗaya ya gane ta ba, kuma babu maimaita aji, tura shi kawai ake yi gaba. Kun tuna 2017 a Kaduna da aka yi wa malaman firamare gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 cikin wajen 33,000 ba su kai makin da aka sa ba? An yi ta rigima a kan yadda aka yi gwajin da korar da ta biyo baya, amma duk wanda yake koyarwa ya san akwai gaskiya a ciki. Sannan ga santocin jarrabawar nan da ake kira na musamman inda uba da kansa yake biyan kuɗi a rubuta wa ɗansa amsar WAEC ko NECO a allo. Yaro ya fito da kiredit tara har da Turanci da Lissafi amma ka ce ya rubuto wasiƙar neman izini ba zai iya ba. JAMB da ya fi wuyar sata saboda kwamfuta ce, duba sakamakon 2025, sama da miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai 200 cikin 400 ba.

Injiniya:
Malam a 2025 ɗin ai an samu matsalar na'ura, har shugaban JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya nemi afuwa aka sake wa wasu jarrabawa a Legas da kudu maso gabas.

Malamin Sakandare:
Haka ne Injiniya, na san da wannan. Amma na 2024 ma kusan kashi uku cikin huɗu ƙasa da 200 suka samu, ba sabon abu ba ne.

Ɗan Zaure:
Ni inda nake so a yi hattara shi ne yadda ake ta zagin hadda kamar ita ce cutar. Mu da muka taso a makarantar allo mun san hadda tushe ce. Amma bayan sauka ai zaure ake komawa, ka buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ka ja baƙi malam yana fassara maka kalma-kalma, in ka yi tuntuɓe ya tsayar da kai nan take, gobe ba za ka wuce ba sai ka maimaita na jiya. Malam ya san muryar kowane ɗalibi ya san inda yake da rauni. Abin da 'yar'uwarmu ta faɗa a sama shi ne babu wanda ya taɓa tsayar da ita. To an ɗauki haddar an bar zauren.

Hajiya Mai Shago:
Allah ya saka da alheri Malam na zaure. Ni ba malama ba ce, kasuwanci nake yi, muna raba kayan masarufi, kuma duk shekara ana turo min masu bautar ƙasa. Bara aka turo min yarinya mai digiri a fannin kasuwanci, mai natsuwa mai ladabi wlh har yanzu muna waya. Na ce ta buɗe Excel ta shigar da cinikin wata ta fitar min da wane kaya ne ya fi tafiya. Ta zauna tana danna kalkuletar waya tana rubuta amsa a cikin akwatunan da hannu, ba ta san na'urar tana tarawa da kanta ba. Na ce ba ku yi kwamfuta ba? Ta ce sun yi, a allo aka zana musu. Cikin sati biyu da yaron shagona ya nuna mata ta fi shi iyawa. Kenan ba ƙwaƙwalwa ce babu ba.

Malamin Jami'a:
Hajiya abin da kika faɗa yana cikin abin da muka gani. Rauni na uku bayan rubutu da fahimtar karatu shi ne lissafi na yau da kullum, ba wai babban lissafi ba. Kashi cikin ɗari, matsakaici, karanta jadawali. Ɗalibi zai rubuta cewa ya yi amfani da dabarar Taro Yamane ya fitar da adadin mutanen da zai ba takardar tambayoyi, ka ce masa 0.05 ɗin nan da ka sa mene ne shi, shiru. Ya rubuta an yi watsi da hasashen farko, ka ce to da Hausa me ka gano game da 'yan kasuwar da ka je ka tambaya, shiru. Akwai furojet da muka gani an ce an raba takarda 120 amma in ka tara alƙaluman tebur sai su haura haka, kuma ya wuce ta hannun sufabaiza ya wuce difens, wato kare furojet a gaban malamai, an ba shi B. Wannan kam ba laifin yaro kaɗai ba ne, da sa hannunmu a shafin farko.

Mai Bizines Santa:
Tunda an zo nan bari in faɗi gaskiya ko za a zage ni. Ni shagona yana bakin wata makaranta, kuma lokacin furojet shi ne kakarmu. Babi na huɗu mu muke yi wa da yawansu a SPSS, manhajar kwamfuta ta nazarin alƙaluma. Wasu suna kawo takardun tambayoyi da aka cike da gaske, wasu kuwa a benci na waje suke zama su cike su da biro kala uku. Da farko ina ƙoƙarin in zaunar da yaro in nuna masa ga yadda aka yi ga abin da wannan lambar take nufi, wasu suna tsayawa suna jin daɗi har su dawo da abokansu, amma mafi yawa sai su ce Oga kai dai ka buga kawai jibi ne sabmishan. Kuma kar ku ga laifinsu da yawa, kwas ɗin hanyoyin bincike semista ɗaya ake yi musu shi a aji uku ba tare da sun taɓa kwamfuta ba.

Baban Yara:
To kai ma ai kana cikin masu ɓata su, ka daina mana.

Mai Bizines Santa:
Baba ban ce ni mai gaskiya ba ne, abin yana damuna, shi ya sa na yi magana. Amma in na rufe yau akwai shaguna a jere da ni, kuma yanzu ma ChatGPT ya karɓe rabin aikin.

Dakta a Kimiyya:
Wannan na ChatGPT ɗin shi ne sabon ciwon kanmu. Da can in yaro ya kwafo daga intanet kana ganewa, Turanci yana tafiya da ɗingishi sai kwatsam ya miƙe kamar na Ingila, ko ka sa a Turnitin, manhajar gano satar rubutu, ya fito ja. Yanzu daga farko har ƙarshe sumul. Inda nake kama su shi ne manazarta, sai ka ga sunan marubuci da shekara da sunan mujalla komai tsaf a tsarin rubuta manazarta na APA, ka je nema babu wannan takardar a duniya, na'urar ce ta ƙirƙiro. Ni yanzu na daina dogon faɗa, in ka kawo min babi sai in rufe shi in ce gaya min abin da ke shafi na uku, da Hausa ma na yarda. A ɓangarenmu kuma akwai wani raunin da Malam bai ambata ba, na hannu. Ɗalibi ya iya zana yadda ake titireshan, wani gwajin sinadarai, a takarda da duk matakansa, amma bai taɓa riƙe biyuret, bututun gilashin da ake gwajin da shi, shi kaɗai ba, saboda mutum goma sha ne a kan kayan aiki ɗaya, ɗaya yana yi saura suna leƙe suna kwafar sakamako. SIWES, shirin tura ɗalibai ma'aikatu su koyi aiki, da aka kafa don ya cike wannan giɓin, wasu wata shidan a gida suke yinsa, a nemo hatimi a buga a littafin rahoto, mu kuma da ya kamata mu je duba su sau da yawa ba a fitar da kuɗin tafiyar a kan lokaci.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar da Faransanci muke karatu amma kukan kusan guda ne. Bambancin da na gani, mu tun lise, wato babbar sakandare, ana tilasta mana rubutun disertasiyo, kafin ka samu BAC, shaidar kammala sakandare, sai ka zauna awa huɗu ka gina hujja a kan tambaya guda, da gabatarwa da ci gaba da kammalawa. Wannan yana taimako gaskiya. Amma yaro da bai ji Faransanci da kyau ba tun firamare shi ma tsarin yake haddacewa ya zuba, ciki babu komai.

Injiniya:
To ai kun zo inda nake jira. Matsalar harshe ce kawai. Yaro yana tunani da Hausa ana tambayarsa da Turanci. China da Japan da Turkiyya da harshensu suke karanta injiniyanci. A koyar da mu da Hausa a ga in ba za mu yi fice ba.

Malamar Hausa:
Injiniya ina tare da kai rabi. Binciken da aka yi a Ife tun shekarun 1970 ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, ya nuna harshen uwa yana taimako har a wajen koyon Turancin kansa. Wannan ba a jayayya. Amma ni Hausa nake koyarwa, da Hausa nake tambaya da Hausa ake ba ni amsa, kuma abin da Malam ya lissafa a sama ina ganinsa a takardun ɗalibaina. A ce kawo ma'anar karin magana, kowa ya ci. A ba su waƙa baiti biyar a ce me mawaƙin yake nufi kuma da me ka kafa hujja, sai kame-kame. Ga ƙa'idar rubutu, a haɗe inda ake rabawa a raba inda ake haɗewa, ɗan aji uku yana rubuta yazo da zaizo a haɗe. Harshe yana ƙara nauyin kayan, amma ko an sauke shi akwai saura, ba a saba musu da a tambaye su me ka gani kai da kanka ba.

Malamin Jami'a:
Malama kin taɓa wurin. Na gwada abin da Dakta ya ce, na kira wasu na ce su yi min bayanin furojet ɗinsu da Hausa. Akwai yaron da ya rubuta a kan 'yan adashi a unguwarsu, a takarda ba ka gane komai, amma da ya buɗe baki ya yi min bayanin yadda uwar adashi take cire kwasar farko da abin da ake yi in wani ya kwasa ya gudu, da dalilin da ya sa matan suka fi yarda da ita a kan banki, wallahi na ƙaru. Na ce to me ya sa ba ka rubuta wannan ba? Ya ce ai ya ɗauka wannan ba ilimi ba ne, ilimi shi ne abin da wani Bature ya faɗa da shekara a baka biyu. Wannan yaron harshe ne da tsoro suka riƙe shi. Amma akwai waɗanda ko da Hausar ba su da abin faɗa, don ba su suka yi aikin ba. Kashi biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Tsohon Ɗalibi:
Malam ni tambayata a kan ita tantancewar ce. Lokacin muna makaranta da idona na ga an kawo kwamfutoci a mota ana saura kwana biyu baƙi su zo, aka yi fenti aka jera littattafai sababbi a laburaren sashe, har wasu malamai muka gani da ba mu taɓa gani ba. Bayan sati ɗaya komai ya koma inda ya fito. To in haka ake yi me tantancewar za ta gano?

Malamin Jami'a:
Ba zan ce ƙarya kake ba, ana yi, kuma abin kunya ne. Yadda tsarin yake, ana duba manhaja da malamai da gine-gine da kayan aiki da laburare da kuɗin da ake kashewa da ra'ayin waɗanda suka ɗauki ɗalibanmu aiki. In kwas ya samu kashi 70 zuwa sama, kuma bai faɗi a manyan ɓangarorin ba, a ba shi cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, in ya gaza kaɗan a ba shi ta wucin gadi ta shekara biyu, in ya faɗi a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Tsoron wannan na ƙarshen ne yake sa a yi aron kaya. Kujera da kwamfuta ana iya aro, amma takardar jarrabawar da yaro ya rubuta shekara biyu da suka wuce ba a aronta, shi ya sa na fi yarda da abin da muka gani a ciki fiye da duk wani maki da za a ba mu. Sabuwar manhajar jami'o'i ta CCMAS da aka ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta, ni a ganina nan ne ya kamata mu sa rubutu da aikin hannu, maimakon mu ƙara wasu kwasa-kwasan hadda. Don kwas ɗin Turanci na GST da ake yi a aji ɗaya, a babban ɗaki da lasifika, a wurare da yawa ma a kwamfuta ake jarrabawarsa da canki-canka, ba zai koya wa kowa rubutu ba.

Ɗalibar Aji Huɗu:
Malam to mu da muka riga muka zo ƙarshe fa? Saura min wata uku difens kuma wlh ina so in san abin da na rubuta, ba na son in tsaya gaban malamai ina rawar murya.

Dakta a Kimiyya:
Ƙanwata wata uku ba kaɗan ba ne. Ki ɗauki takarda ɗaya cikin waɗanda kika sa a babi na biyu, ki karanta ta sau biyu, ki rufe, ki rubuta layi biyar da kalmominki, me suka nema, wa suka tambaya, me suka samu. Kullum ɗaya. Duk wadda kika nema a Google Scholar ba ki same ta ba ki cire ta. Babi na huɗu kuma ko wani ne ya buga miki ki koma ki zauna kusa da shi ya sake yi a gabanki.

Mai Bizines Santa:
In ta zo da safe kafin layi ya taru ni zan nuna mata kyauta, ita da duk wanda ya zo da niyyar koyo.

Malamin Jami'a:
Madalla. Ni kuma ranar Alhamis muke miƙa rahoto a taron sashe, kuma na ƙara abu biyu daga nan. Na farko kowane malami ya dawo da takardar tes ko da guda ɗaya ce a semista da gyara a jiki, in ajin ya yi yawa a raba da mataimakan malamai da 'yan digiri na biyu. Na biyu a fara ɗan ƙaramin bincike na shafi biyar tun aji biyu. Na san za a ce ina lokaci ina ma'aikata, kuma masu faɗin haka suna da hujja. 'Yata in kin yarda zan karanta musu abin da kika rubuta na 18 cikin 30 ɗin nan, ba zan faɗi daga ina ya fito ba.

Ɗalibar Aji Huɗu:
Na yarda Malam, ka karanta musu. Ka ƙara da cewa har yau ina da kwafin asaimen ɗina na farko na aji ɗaya, in akwai wanda zai duba min shi zan kawo.